Me Ya Sa Giwayen Gidan Namun Daji Ke Yin Ƙiba?

Masu kallo, giwa dai babba ce tun asali, to ta yaya za a gane ta yi ƙiba? Masana sukan duba wurare uku: ƙashin baya, ƙashin ƙugu da haƙarƙari. Idan kitse ya shafe su har ba a ganin alamarsu, to nauyi ya wuce kima.

A 2016 an fitar da wani bincike kan giwaye 240 a gidajen namun daji na Arewacin Amurka. Kusan uku cikin huɗu sun zarce nauyin da ya dace, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku sun kai matakin ƙiba sosai.

Dalilin yana cikin yadda giwa ke cin abinci. A daji takan shafe kusan awa 16 a rana tana kiwo. Ta karya reshe, ta ɓare ɓawon itace, ta tuge ciyawa, sannan ta taka zuwa mashaya. Abincin nan duk gauri ne, ko rabinsa cikinta ba ya narkarwa. A tsare kuwa, an zube mata abinci mai laushi a gabanta, ta cinye cikin ɗan lokaci, sauran yinin tsayuwa ce kawai. A sansanonin yawon buɗe ido na Tailan, baƙi sukan yini suna miƙa wa giwaye ayaba da rake, alhali duka zaƙi ne.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne ƙafafu. Dabba mai nauyin tan uku ko huɗu, a ƙara mata kitse, sannan ta yini tsaye kan siminti. Farata su tsage, tafin ƙafa ya yi gyambo, gaɓoɓi su kumbura. Ciwo ya hana ta tafiya, rashin tafiya ya ƙara mata nauyi.

Rage abinci kaɗai ba ya magani, domin giwa mai jin yunwa takan shiga damuwa. Masu kula sukan ƙara rassa da busasshiyar ciyawa, su janye kayan zaƙi, su riƙa ɗora ta kan sikeli a kai a kai. A gidan namun daji na Oregon da ke Amurka, filin da aka buɗe a 2015 yana da na'urori a wurare daban-daban masu sakin abinci ba a ƙayyadadden lokaci ba, dole giwa ta riƙa zagaye tana nema.