Amsoshin Tambayoyinku: Man mota daga masara da rake, ina kasuwarsa ta dosa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu huɗu na ware a wannan mako, kuma duk sun haɗu a kan abu ɗaya, wato man da ake tatsa daga amfanin gona a zuba wa mota. Ban yi mamaki ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, duk mai injin ban ruwa ya zama masanin lissafin lita.

Ta farko daga wani manomi ce a yankin Kadawa. Bayan gaisuwa ya ce: "Na ji ana cewa a Amurka da masara ake yin man mota. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya hana a yi a nan, masararmu ta samu kasuwa, mai kuma ya yi sauƙi?"

Gaskiya ne, Malam, ba zuƙi ta malle ba ce. Sunan man itanol. Ana niƙa masara, a dama ta da ruwa, a dafa, a sa mata sinadarin da zai mayar da sitacin sukari, sannan a zuba yis a bar ta ta tsimu kwana biyu zuwa uku. Daga nan sai a ɗora a wuta, a tare tururin, ya huce ya koma ruwa fari tas. Tan ɗaya na masara na ba da wajen lita 400, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin masarar yana dawowa a matsayin dusa mai ƙiba da ake sayar wa masu kiwon shanu da kaji. Wannan dusar ba ƙaramin rufin asiri take yi wa masana'antun ba, don a shekarar da mai ya faɗi, ita ke cike giɓin.

Amurka ce kan gaba a duniya, tana yin kusan lita biliyan 60 a shekara, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da take nomawa can take tafiya. Sai Barazil, wadda ta fi dogara da rake. Su biyun nan su ke da wajen kashi 80 cikin 100 na itanol ɗin duniya.

Amma ka lura da abu ɗaya, Malam, don shi ne kan maganar duka: ba kasuwa ce ta haifi wannan sana'a ba, doka ce. Barazil ta fara nata shirin a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973 ya kusa durƙusar da ita. Gwamnati ta ba da bashi mai sauƙi, ta tilasta wa gidajen mai sayar da shi, sannan a 2003 aka fito da motocin da ke shan fetur ko itanol, duk wanda direba ya ga ya fi araha a ranar. Amurka kuwa ta kafa doka a 2005, ta faɗaɗa ta a 2007, wadda ta wajabta wa matatun mai gauraya wani adadi kowace shekara. Shi ya sa kusan duk fetur ɗin da ake sha a can yana da itanol kashi 10 cikin 100. Mai masana'anta ya san tun kafin ya aza tubali cewa akwai mai saye.

To, me ya hana a nan? Mu ma muna da takarda. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai, da burin gauraya kashi 10 cikin 100 a fetur. Shekaru sun shuɗe, ni dai ban taɓa tsayawa a gidan man da ya rubuta cewa irin wannan yake sayarwa ba. Amma mu bar takarda, mu ɗauki biro. Buhun masara mai kilo 100 zai ba ka kimanin lita 40 na itanol. Itanol kuma bai kai fetur ƙarfi ba, lita uku nasa daidai suke da lita biyu na fetur. Ke nan buhunka ya tashi a kan lita 27 na fetur, ko ƙasa kaɗan. Yanzu sai ka tambayi kuɗin buhu a Dawanau, ka tambayi kuɗin lita 27 a gidan mai, ka jera su. Ka ƙara kuɗin dusa a gefe ɗaya, a ɗaya gefen kuma ka ƙara kuɗin wuta, da ruwa, da ma'aikata, da dakon kaya, da kuɗin ruwan banki. Za ka ga inda gizo ke saƙar.

Manomin Amurka na samun wajen tan 11 a kadada ɗaya. Namu, in an yi tan biyu, sai a ce Alhamdulillahi. Shi rara yake ƙonawa a mota. Mu kuwa masarar ita ce tuwon dare, ita ce kokon safe, ita ce abincin kajin gidan gona. Ko a can ɗin ma abin bai tafi salin-alin ba. A farkon 2007, lokacin da masana'antun Amurka suka fara wawar masara, dubban mutane sun fito zanga-zanga a babban birnin Meziko saboda wainar masarar da suke ci kullum ta yi tsada. Wanda ya ƙona rumbunsa, an ce ya san inda toka ke kuɗi. Mu ba mu san wurin ba tukuna.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wani bakanike a Gumel. Ya ce: "Ba irin man nan ba ne ya kashe injinan mutane a 2022?"

A'a, ƙanena, ba shi ba ne, ɗan uwansa ne. Wanda ya jawo dogayen layuka a watan Fabrairun 2022 fetur ne da aka shigo da shi daga Beljiyam, aka samu sinadarin metanol ya yi yawa a ciki. Metanol daban, itanol daban. Kashi 10 cikin 100 na itanol ba ya yi wa motocin zamani komai. Sai dai kai da ke fama da kabureta kullum, ka san wannan: itanol na jan ruwa daga iska. In aka bar shi wata da watanni a tankin injin ban ruwa ko janareta, ruwa ya kan kwanta a ƙasa, tanki ya yi tsatsa, tsofaffin robobin bututun mai su yi laushi. A jarkar 'yan bumburutu kuwa, wadda ke shan rana da raɓa a bakin titi, ai abin sai ya fi haka.

Ta uku daga wata malamar makarantar sakandare ce a Ringim, kuma ita ta taɓo inda na fi so. Ta ce: "Tunda duniya na komawa motoci masu aiki da lantarki, ba ƙarshen wannan sana'a ne ya zo ba?"

Malama, amsar ta danganta da ƙasar da kike tsaye. A 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka sayar, kuma a ƙasar Sin kusan rabin sabbin motoci irin su ne. Itanol kuwa ɗan rakiyar fetur ne. In shan fetur ya tsaya, shi ma ya tsaya. Abin da ke faruwa a Amurka ke nan. Kasuwar gida ta cika, shi ya sa masu masana'antun ke ta kai-komo a majalisa a bar su su sayar da fetur mai itanol kashi 15 cikin 100 duk shekara, suna kuma neman kasuwa a waje. Ribarsu siririya ce, tana rataye tsakanin farashin masara da na ɗanyen mai. A 2020, da annobar korona ta ajiye motoci, wajen rabin aikin masana'antun ya tsaya cik na ɗan lokaci.

A wasu wuraren kuma yanzu kasuwar ke ci. Indiya ta sa wa kanta 2030 don kai gaurayen itanol a fetur kashi 20 cikin 100, sai ta matso da wa'adin kusa, ta kai a 2025. Dalilinta a fili yake, mafi yawan ɗanyen man da take sha sayowa take yi da dala. Amma ga ƙarshen labarin: ƙasar da ta saba sayar wa maƙwabtanta masara sai ga ta tana shigo da ita, masu kiwon kaji suna kuka da tsadar abinci. Barazil ta ɗaga nata gaurayen zuwa kashi 30 cikin 100 a watan Agustan 2025. Indunusiya kuwa dizal take yi da manja, kuma a farkon 2025 ta kai kashi 40 cikin 100.

Sai jiragen sama, waɗanda batir bai iya ɗauka ba tukuna. Tarayyar Turai ta wajabta cewa daga 2025 kashi 2 cikin 100 na man da jirage ke sha a filayenta ya zama irin wanda ba daga rijiya ya fito ba, ya kai kashi 6 a 2030. Mafi yawansa daga tsohon man suya da kitsen dabbobi ake yin sa. Ki ji ikon Allah, baƙin man da mai ƙosai za ta zubar ya zama abin da manyan kamfanoni ke rububi a kai. Saboda haka a ganina, Malama, sana'ar ba mutuwa za ta yi ba, ƙaura take yi. Kuma duk inda ta sauka, in kika duba za ki tarar da sa hannun gwamnati ya riga ta isa.

Ta ƙarshe daga wani dattijo ce a gefen Haɗejiya, jikansa ya rubuta masa. Ya ce wasu sun zo garinsu suna cewa a ware gonaki a shuka rake da bini-da-zugu, wai za a kafa injin mai. Yana tambaya ko ya shiga. Ya kuma ƙara da cewa ya ji wai man nan giya ne.

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Batun giya tukuna: asalin sinadarin ɗaya ne da wanda ke bugarwa a cikin barasa, ba zan ɓoye maka ba, kuma shi ne dai a cikin ruwan wanke hannu na asibiti da turaren fesawa da yawa. Wanda ake yi don mota ana gauraya shi da fetur tun a masana'anta don kada ya shawu. Hukuncin noma wa irin wannan masana'anta kuwa, fatawa ce, sai ka kai wa malamai.

Bini-da-zugu kuma, Baba, ina da tabo a kansa. Wajen shekara goma sha biyar ke nan, wani kawuna ya ware rabin gonarsa ta jigawa ya dasa shi. Mutanen da suka kawo irin sun zo da mota mai kyau, suka raba takarda, suka ɗauki hoto, suka ce itacen ba ya son taki, ba ya son ruwa, kuma duk ƙwallon da ya yi su za su saya. Ya rayu kam, don shi bini-da-zugu ko a shingen gida ka soka shi zai kama. 'Ya'ya ne bai yi na kirki ba. A shekara ta uku kawu ya tara abin da bai cika buhu biyu ba, ya jingine su a zaure. Lambar wayar da ke jikin takardar ba ta ƙara shiga ba. Akuya ba ta cin sa, mutum ba ya ci, don guba ne. Buhunan na nan har gara ta cinye gindinsu, shi kuma ya yi damina biyu yana tuge kututture kafin gero ya koma wurin. Ba shi kaɗai ba ne. Haka aka yi a Tanzaniya da Mozambik da Gana da Indiya, kamfanoni suka karɓi filaye, suka gano itacen ba ya ba da amfani sai a ƙasa mai kyau da ruwa, suka watse.

Rake ya fi shi, ko ba komai in injin bai zo ba, ka kai kasuwa a sha, ko a yi mazarƙwaila. Amma tan ɗaya nasa lita 70 zuwa 80 kacal yake bayarwa, yana kwashe kusan shekara a gona, kuma shan ruwansa ba kaɗan ba ne, a kwarin da shinkafa da alkama ke jiran abin da aka sako daga Tiga da Challawa. Da zarar an sare shi kuma, zaƙin ya fara gudu, dole injin ya kasance kusa. Mu da har yanzu mafi yawan sukarin da muke sha ɗanyensa daga Barazil ake kawowa a tace a Legas, ina ganin sukari zai riga mota cin raken. Da ni ake shawara, da takanɗa na fi sa wa ido, don tana jure ƙarancin ruwa, ka ci hatsin, a matse karan, dabba ta ci saura.

Saboda haka kafin ka ba da ko taƙi ɗaya, Baba, ka ce su kai ka ka ga injin da idonka, ba zanensa ba. Ka tambayi wa zai biya kuɗin mota daga gona, da farashin da za a saya, a rubuce, gaban mai gari da shaidu. Kuma in takardar da suka kawo ta haya ce ta shekaru masu yawa, kada jikan nan naka kaɗai ya karanta ta, a nemi lauya.

Mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu. Akwai wasiƙa daga Kazaure a kan mayar da babur mai ƙafa uku ya koma shan iskar gas, ita za mu fara buɗewa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A huta lafiya.