Darasi: Yadda Peter Hook ya hau saman wuyan jita

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Kowa ya ɗauko jitarsa ta bes, mai tsirkiya huɗu, yau mutumin Salford ta Ingila za mu leƙa, makaɗin bes Peter Hook.

A watan Yunin 1976 shi da abokinsa Bernard Sumner suka je kallon ƙungiyar mawaƙa ta Sex Pistols a Manchester. Washegari ya ranci fam 35 wurin mahaifiyarsa ya sayi bes, bai ma iya riƙe ta ba. Daga nan ƙungiyarsu ta fara da sunan Warsaw, ta koma Joy Division.

To ga inda darasinmu yake. Sifikar da Hook ke amfani da ita a lokacin ta banza ce, in ya kaɗa ƙasa-ƙasa, jitar Sumner sai ta danne shi, ko shi kansa ba ya jin abin da yake yi. Sai ya matsa sama, can kusa da jikin jitar, inda sauti ke sirancewa. Mawaƙinsu Ian Curtis ya ji, ya ce ya ci gaba a haka. Talauci ne ya haifi salon da yau ake koyarwa.

Ku gwada. Bar tsirkiyar D a sake, kada ka danne ta. A kan G, wadda ta fi siriri, ka ɗora yatsa sama, ka riƙa zamewa. Ka bugi biyun tare da ɗan robar kaɗawa, ba da yatsa ba. Kun ji? Ɗaya tana gurnani, ɗaya tana rera waƙa. Haka Hook ya kaɗa waƙar Joy Division "Love Will Tear Us Apart" a 1980. Sannu a hankali, ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. Shi Hook yana rataye jitarsa har gwiwa, amma ni ban ba ku wannan shawara ba, wuyan hannu zai yi tsami.

Curtis ya rasu a watan Mayun 1980, sauran suka zama New Order. Injinan sauti suka shigo suka karɓe ƙasan kiɗan, wannan ma ya ƙara ba Hook filin zama a sama. Ya rabu da su a 2007, rabuwa mai ɗaci har da kotu daga baya, a 2010 ya kafa Peter Hook and the Light.

Yauwa, mu sake daga farko, D a sake. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.