Mutum Tara Yake, Bai Cika Goma Ba

(An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wurin taro. An tsallake addu'ar buɗewa da gabatar da mai jawabi.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? Ɓangaren mata fa? To madalla. Mai gabatarwa ya jibga mini kirari har na fara waige-waige ina neman wanda ake nufi. Allah ya saka masa da alheri, ya kuma yafe masa. (dariya)

Abu uku na zo da su a takardar nan. Na farko, yadda Bahaushe ya ɗauki ɗan Adam shi kansa. Na biyu haƙuri, na uku kunya. In Allah ya yarda kowanne minti goma, mu tashi.

Bari in fara da wani Bature, Anthony Kirk-Greene. Ya yi aikin Di'o a lardin Adamawa, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma ƙasarsu Ingila yana koyarwa a jami'a. A 1973 aka gayyace shi Jami'ar Indiyana ta Amurka ya yi lacca a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya zauna ya tsefe maganganunmu ya fito da halaye goma. Ku riƙa ƙirgawa da yatsu: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Nawa ke nan? Goma cif. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari, don babu ko ɗaya da Bahaushe zai ce a cire.

Lokacin da na fara cin karo da takardar ina ɗalibi, na zo hutu gida ina ɗoki, na sami mahaifina a zaure, Allah ya jiƙansa, na karanto masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Shi Baturen ya ce ya ga mutumin da idonsa?" Na ce a'a Baba, siffantawa ya yi. Ya ce, "To in ya gan shi ya turo mini, ina neman mai jiran rumfa." (dariya) Sannan ya ce, "Kai yaro, mutum tara yake, bai cika goma ba."

Wannan karin maganar ita na fi so a duk Hausa, kuma ku yi mini haƙuri, zan ɗan daɗe a kanta.

Mahaifina fatauci da dillancin goro ya yi. Kakanninsa Gwanja, can ƙasar Gana ta yanzu, suke zuwa da jakuna, tafiyar watanni, shi kuma a zamaninsa daga Shagamu ake yo lodi. Matasan da ke nan da yawa ba su taɓa ganin an kwance huhun goro, wato babban ƙunshinsa, ba, sai dai su ga goro a faranti ranar ɗaurin aure. Ana kwance igiya, a ɗaga ganyen fita a hankali, wani sanyi da ƙamshi su bugo ka. Sai a baje a tabarma a zauna tsinta. Marsa gefe guda, su ne manya na kai wa surukai. Minu gefe guda, ƙanana na sadaka. Ana ƙirga ƙwarya, goro ɗari ke nan. Aikina ni shi ne neman mai sankara. Za ka ga goro ja jawur, fatarsa sumul, sai ɗan ɗigo baƙi kamar bakin allura. Ka ɓare shi, ciki duk tsutsa ta cinye. Na yi shekaru ina wannan aiki, ban taɓa ganin huhun da aka kwance ba a sami mai sankara a ciki ba. Ban kuma taɓa ganin Baba ya zubar da huhu saboda haka ba. A cire na cirewa, a yayyafa wa sauran ruwa, a canza ganye, a mayar a ɗaure. Bayan kwanaki a sake kwancewa a sake dubawa. Shi ya sa da na ji ana cewa rai dangin goro ne, ban buƙaci malamin da zai fassara mini ba.

To haka ya riƙe yaransa na rumfa. Akwai wani, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa na raye, mutum ne mai zafin rai na fitar hankali. Sau biyu yana korar mana mai saye da baƙar magana. 'Yan'uwan Baba suka ce a sallame shi. Baba ya ce, "Shekara goma sha biyu yana riƙe da lalitata, ko anini bai taɓa ɓata ba. In na kore shi na ɗauko mai fara'a, ban san wace ɗayar ce tasa ta ɓata ba. Wannan kuwa na san tasa." Sai ya janye shi daga ciniki ya mayar da shi kan lissafi da rakiyar kaya. Har Baba ya rasu suna tare.

Kun ji hikimar? Na san tasa. Domin ɗayar nan da ta ɓata ba iri ɗaya ba ce ga kowa. Abin da ma na lura da shi, yanzu da furfura ta kama ni, shi ne sau da yawa gurbin yana maƙwabtaka da inda mutum ya fi ƙarfi. Ku duba mai karamci. Gidansa kullum a cike, ba a zuwa a fita hannu rabbana. Amma ka ba shi bashi ka gani. Karamcin nasa har da kuɗinka yake yi. (dariya) Ku duba mai gaskiya, irin wanda ke bugun ƙirji yana cewa ni ba na ɓoye-ɓoye, in na ga abu sai na faɗa. Gaskiya ce, amma sau nawa ya tsinka uwa a gaban 'ya'yanta da sunan gaskiyar? Ladabi ya tafi. Ku duba mai kunya. Ka roƙe shi abu, ya san ba zai yi ba, amma bakinsa ba zai iya furta a'a ba. Sai ya ce to, bari mu gani, in sha Allahu gobe. Kai kuma ka tafi ka ɗora tukunya a wuta. Kunya ta ci gaskiya. Af, ga shi na taɓo na uku tun ban gama na ɗaya ba. To ku rubuta an yi kunya. (dariya)

Kada wani ya ce wannan zancen tsofaffin kasuwa ne kawai. Alƙur'ani ya riga su. A Suratun Nisa'i aya ta 28, Allah ya ce an halicci mutum mai rauni. A Suratul Anbiya'i ya ce an halicce shi daga gaggawa. A Ma'arij ya ce in sharri ya shafe shi sai raki, in alheri ya same shi sai rowa. Wanda ya ƙera mu ne fa yake faɗa. Annabi, sallallahu alaihi wasallama, ya ce dukkan ɗan Adam mai yawan kuskure ne, mafi alherin masu kuskure kuwa su ne masu tuba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin littafinsa Ihya'u inda yake bayanin abubuwan mamaki na zuciya, ya ce kamar an tara abu huɗu ne a cikin fatar mutum: alade, kare, shaiɗan, da mai hikima. Aladen sha'awa ce, karen fushi, shaiɗanin yana zuga su, mai hikimar kuma aikinsa ya riƙe linzami. Alhaji na ga ka ɓata rai. Ba ni na ce ba, Gazali ne, kuma ya haɗa da kansa. (dariya) Abin lura, bai ce a kashe karen ba. In babu fushi sam, wa zai tsare gida? Horar da shi ake yi. Kamar dai yaron rumfar Baba, a sa shi inda zafinsa zai yi amfani.

Yanzu ga inda muke ɓata abin, kuma nan ne zan ɗan yi faɗa. Wannan karin magana an yi ta ne don ka yi wa wani uzuri. Mu kuma mun juya ta, mun mayar da ita garkuwar kanmu. Mutum a ba shi kwangilar rijiyar burtsatse a ƙauye, ya haƙa rabi ya cinye kuɗin, mata na tafiyar awa guda neman ruwa. In an tare shi sai ya karkace hula ya ce, ai ɗan Adam ajizi ne, tara yake bai cika goma ba. Kai malam, wa ya ce maka ka kai tara? (dariya da tafi) Amma shi ɗin nan, direbansa ya makara minti goma, sai ya ƙirga masa goma cif ya ce saura ɗaya, ya kore shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Magabata suna cewa ka nema wa ɗan'uwanka uzuri saba'in. Ba hadisi ba ne, kada a fita a ce na ce hadisi ne, maganar magabata ce. Ɗan'uwanka aka ce. Kai naka ba uzuri ba ne, tuba ce. Duk wanda ya yi Ahalari a zaure ya haddace sharuɗɗanta tun yana yaro: nadama a kan abin da ya wuce, niyyar ba za a koma ba, da barin saɓon nan take in ana cikinsa. Mai Risala ya ƙara da cewa mayar da haƙƙin mutane yana cikin tuba. Wato a je a ƙarasa rijiyar.

Ɗaya gefen kuma, wanda yake ganin shi ya cika goma, shi ya fi ba ni tsoro. Ibn Aɗa'illahi na Iskandariya yana da magana a cikin littafinsa Hikam, ya ce saɓon da ya gadar da ƙasƙantar da kai da jin buƙata ga Allah ya fi ɗa'ar da ta gadar da jiji da kai da girman kai. Ba izinin saɓo ya bayar ba, kada matasa su yi murna. Yana nufin mutumin sahun farko da ke kallon na sahun baya a wulaƙance. Goron nan ne ja sumul.

Ko tatsuniya ma haka take. Kakanninmu mata da suka zaunar da mu da dare, wa suka ba mu a matsayin gwarzo? Gizo. Maƙaryaci, makwaɗaici, mai cutar matarsa Ƙoƙi, ga tsamin baki. Kullum asirinsa na tonuwa, kullum yana tsira ya dawo gobe. Ba su ba mu waliyyi ba, sun ba mu wanda za mu yi wa dariya mu gane kanmu. To na huɗu... a'a, na nawa muke? An miƙo mini takarda wai saura minti biyar. Subhanallahi, ban shiga haƙuri ba. To haƙuri dai kun san shi: maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci, mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A ba da dama ga tambaya. Na ga hannu a ɓangaren mata tun ɗazu, a miƙa mata abin magana.

(Wata mata daga cikin masu sauraro:) Allah gafarta Malam, mun gode. Ni tambayata a kan haƙurin nan ne da aka tsallake. Mace ta kai ƙara gidansu, miji ba ci ba sha, wani lokaci har da duka. Kafin ta rufe baki an ce yi haƙuri, namiji tara yake bai cika goma ba, koma ɗakinki. Shi kuma ba a kira shi ba. Shin wannan shi ne haƙurin da addini ya ce?

Hajiya, Allah ya yi miki albarka. Kin kama ni, kuma da ma ta nan ya kamata in fara. A'a, ba shi ba ne. Malamai sun kasa haƙuri uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan ƙaddara mai ɗaci, kamar ciwo ko rashi. Miji ya talauce yana fita yana nema bai samo ba, wannan ƙaddara ce, a yi haƙuri tare. Amma yana da shi ya hana, ko ya ɗaga hannu ya doke ki, wannan ba ruwan sama ba ne, mutum ne ya aikata, kuma yana da suna da adireshi. A Nisa'i ɗin nan dai, aya ta 148, Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. An ba wanda aka zalunta baki. Sura ta 58 kuma sunanta ma Mujadala, mai jayayya. Khaulatu 'yar Sa'alaba ce, mijinta Ausu ɗan Samit ya yi mata zihari, wato ya ce ta haramta gare shi kamar mahaifiyarsa, ta zo wurin Annabi tana kai kuka tana maimaitawa, ba ta tashi ba. Allah bai ce ta cika surutu ba. Cewa ya yi ya ji maganarta, ya saukar da hukunci, kaffara ta hau kan mijin. Muna karanta wannan a salla, mu fito mu ce wa 'yarmu rufe mana baki.

Mu iyaye maza, gaskiya sau da yawa ba haƙuri muke koya mata ba, gudun ɗawainiya muke yi, kada ta dawo gida a ƙara kwano. Kuma kunya ce ke hana mu kiran surukin, kunyar nan da na ce tana cin gaskiya. Annabi ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta. Aka ce ya za a taimaki azzalumi? Ya ce ka hana shi. To a kira shi. A zaunar da shi a tambaye shi me ya faru, a ji ta bakinta a gabansa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In abin ya fi ƙarfin zaure, alƙali na nan, ba abin kunya ba ne. Ko Baba da bai kori yaron nan ba, ai bai bar shi yana zagin masu saye ba, ɗauke shi ya yi daga wurin.

(Matar:) Allah gafarta Malam, don Allah a maimaita wannan da ƙarfi, lasifikar ɓangaren maza kamar ba ta aiki.

(dariya da tafi)

Tana aiki, Hajiya. Kin ga yadda suka sunkuyar da kai? Wa ke da tambaya ta biyu? Alhaji, kai ne ka ɓata rai ɗazu, bismilla.