Wane Irin Tambari Ya Dace da Buhunka?

Ku dubi buhunan nan da aka jera a bakin wani injin casar shinkafa a Kura. Duk farare, duk kilo 50. Wanda ya sayi ɗaya ya ji daɗinta, in ya dawo mako mai zuwa, da me zai gane taka? Aikin tambari ke nan. Amma tambari iri-iri ne, kuma ba kowanne ne zai yi maka aiki a kasuwar ƙauye ba.

Mu fara daga gida. Idan Inna za ta aiki yaro shago, ba ta karanta masa sunan kamfani. Cewa take: "Sayo min magi mai tauraro." Baba kuma batirin rediyonsa "mai kan damisa" yake nema. Hoton da ke jikin kayan shi ya zama sunan kayan. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Akwai tambarin da suna ne zalla, an rubuta shi da wani salo, kamar na Coca-Cola ko Google. Yana kyau in sunan gajere ne mai daɗin faɗa. In kuwa sunan sana'arka ya ɗauko naka, da na mahaifinka, da na garinku, to ba zai zauna a murfin robar man gyaɗa ba.

Sai wasu su ce a taƙaita shi zuwa haruffa, irin MTN ko BBC. A nan ne matasa da yawa suke rudar kansu. MTN tun 2001 take zuba kuɗi a talla a ƙasar nan, tana shafe bangon shaguna da ruwan ɗorawa, kafin haruffan nan uku su zauna a kan mutane. Naka haruffan ukun ba su gaya wa kowa komai ba tukuna. Balle ma a Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, da yawa cikin masu kuɗin ciniki ajami suka fi saurin karantawa a kan boko.

Akwai na hoto kaɗai, kamar tuffar Apple, da na zane wanda bai yi kama da komai ba, kamar ƙugiyar Nike. Wata ɗaliba ce ta zana ta a 1971, aka biya ta dala 35, kuma kamfanin ya shekara fiye da 20 yana rubuta sunansa kusa da ita kafin ya bar ta ita kaɗai. Su ma ke nan sai da suka jira. Shi kuwa mai zagaye irin bajen makaranta, da rubutu kewaye da shi, ya fi dacewa da ƙungiyar manoma ko ta mata masu adashe, don yana kyau a hatimi.

Ni dai in ka tambaye ni, haɗa hoto da suna. Dubi buhun simintin Dangote: ga mikiya, ga suna. Mai karatu ya karanta, wanda bai yi boko ba ya gane tsuntsun.

To wane hoto? Kar ka ce zangarniyar shinkafa, don rabin buhunan da ke kasuwa ita suka sa. Dagin Arewa ma ya zama na kowa. Nemi abin da za a iya kiran kayanka da shi a baki ɗaya: mai raƙumi, mai tulu, mai dabino. Kuma ka san mutanenka. Akwai gidajen da ba sa son hoton abu mai rai ya shiga ɗakinsu, to fitila ko faifai ko kuka sun ishe ka.

Kafin ka biya mai zane, gwada shi. Kai shi wurin mai fotokofi a fitar maka da baƙi da fari, ka ga ko yana nan yadda yake. Mai buga buhu kuɗin kowace kala daban yake lissafawa, kala biyu ta isa. Ƙanƙanta shi ya zama hoton WhatsApp ɗinka. Sannan manna shi a bango, ka tsallaka titi, ka waiwayo. In sai ka ƙyafta ido kafin ka gane shi, a rage masa kwalliya.

Wani abu da ake yawan rikitawa: rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce rajistar tambari ba. Ta tambari ofishinta daban ne, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya. Kuma kar ka ɗauko zakin Fijo ko mikiyar wani ka ɗan karkata mata wuya ka ce taka ce, ranar da aka gano, buhunan da ka riga ka buga sun zama asara.

Gwajin ƙarshe ba ya cin ko sisi. Nuna wa kakarka buhun yau da yamma. Gobe da safe ka ce mata: "Iya, in za ki aiki yaro ya sayo miki wannan, me za ki ce masa?"