Kafin Ka Yarda Giya Ta Mutu, Zaro Geji Ka Duba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Motar da ke gabanmu Toyota Camry ce ƙirar 2008, 'yar Kwatano, mai injin lita 2.4 da giyar otomatik. Ƙorafi biyu aka fi kawo irinta da su gareji. In an sa ta a D sai ta yi jim kafin ta ɗauka, sannan ta fizga. Baƙin mai kuma yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Da an faɗi haka sai ka ji an ce giya ta mutu, a tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayo wata. A dakata tukuna. Farin tsumma da hancinka za su gaya maka abu da yawa kafin ka zaro ko sisi.

Mu fara da man giya. Ba a auna shi da sanyin safiya kamar baƙin mai, domin yana kumbura in ya ɗau zafi. Ka yi tafiyar kamar minti goma sha biyar, ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ka bar injin yana aiki. Ka taka birki, ka bi da sandar giya daga P zuwa R, N, D har ƙasa, kana ɗan tsayawa a kowanne, sannan ka mayar da ita P. Yanzu zaro gejin giya, wato siririn ƙarfen da ake auna mai da shi, goge shi, mayar, sake zarowa. Man ya kamata ya tsaya tsakanin alamomi biyun da ke wajen da aka rubuta HOT. Haka ake yi wa Toyota. Tsofaffin Honda Accord da Civic kuwa sai an kashe injin, a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wasu motocin ma ba su da gejin sam, kamar Camry mai injin V6 ta wannan ƙirar. Irin waɗannan sai an ɗaga mota, a kwance wani noti a ƙasan giya, man yana kan wani zafi da aka ƙayyade. Wannan aikin gareji ne.

In man ya yi ƙasa, famfon giya iska yake zuƙa, ƙarfin matse faya-fayan kulochin da ke ciki ya ragu. Shi ne jim ɗin nan da kake ji. Lafiyayyar giya ba ta kai daƙiƙa biyu ba ta ɗauka ba. Man giya kuma ba ya ƙonewa ya ƙare kamar fetur, in ya ragu to yoyo yake yi. Duba bakin tasar ƙasan giya, duba inda shaf ya shiga giya ta gefe biyu, duba tiyo biyun da suka tafi lagireto. Cika shi fiye da ƙima shi ma ɓarna ce, kumfa yake yi, giyar ta riƙa sulɓewa tamkar babu mai.

Yanzu ɗiga man giyar a kan farin tsumman nan. Mai lafiya ja ne garau kamar zoɓo, ana ganin zaren tsumma ta cikinsa. In ya koma kalar shayi ba madara, kuma ba ya ƙauri, ya tsufa ne kawai, a canza. In ya yi baƙi yana ƙaurin abincin da ya kama a tukunya, faya-fayan kulochi sun fara cinyewa. Murza shi tsakanin yatsu biyu. Ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga ƙyalli a rana? Ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Mafi muni shi ne ka gan shi ruwan hoda mai kauri kamar an dama da madara. Ruwa ya shiga ke nan. Akwai wani bututu a cikin lagireto da man giya ke bi ya huce, in ya tsage sai ruwa da mai su haɗu. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi ƙaurin suna a kan wannan, zuba ruwan rijiya ko na famfo zalla a lagireto kuma yana gaggauta tsatsar. Ka ga wannan kala, kashe mota, kar ka ce bari in lallaɓa in kai gida.

Sai maganar irin man, wadda a ganinmu ita ta fi kashe giyoyi a garuruwanmu. Ba duk jan mai ne man giyarka ba. Corolla 2003 zuwa 2008 da Camry 2002 zuwa 2006 T-IV suke sha. Wannan ta gabanmu WS take sha, ga shi ma an rubuta a jikin gejin. Honda DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Motocin da ke da giyar CVT, wadda bel ɗin ƙarfe ke ja maimakon haƙora, nasu daban ne kwata-kwata: Nissan NS-2 ko NS-3, Corolla daga 2014 mai CVT ita ma da nata. Ka zuba wa CVT man giya gama-gari, bel ɗin zai riƙa zamewa yana goge abin da yake gudu a kai, kuma ba ya dawowa. Mai shago ya ce maka "duk ɗaya ne, ranka ya daɗe", ka ce ya nuna maka lambar a jikin galan.

In an zo juye, a sani cewa kwance notin ƙasa lita uku zuwa huɗu kawai yake fitarwa, wato kusan rabin abin da ke ciki. Sauran yana cikin kwanbata, ƙullutun ƙarfen da ke tsakanin injin da giya. Dabarar ita ce a auna abin da ya fito a mayar da daidai shi, a yi 'yan kwanaki ana hawa, a sake, har sau uku. In tasar tana kwantuwa, a cire ta a wanke mayen ƙarfen da ke ciki. Laushin baƙin gari a jikinsa ba komai ba ne, ɓarɓashi manya-manya shi ne abin tsoro. Giyar da manta ya riga ya ƙone kuma tana sulɓewa, kar a sa mata na'urar wanke giya da ƙarfi. Sabon mai ba ya mayar da fayafayan da suka cinye, wani lokacin ma sulɓewar ƙaruwa take yi.

Ba kowace fizga ce ta giya ba. Fulogi ko koyil da ke yanke wuta yana sa mota ta riƙa kakkarwa in ka taka totur a hawa, mutum ya rantse giya ce. Robobin da injin ke zaune a kansu in sun tsage, sai ka ji "dum" duk lokacin da ka sa ribas. In kuma motar ta maƙale a giya ta uku ta ƙi canzawa, ko harafin D yana ƙiftawa a Honda, ƙwaƙwalwar mota ce ta ga matsala ta kulle giyar don kare ta. A sa mata kwamfuta. P0700 na nufin akwai ƙorafi a ɓangaren giya, sai a nemi lambar da ke biye da ita. P0715 da P0720 sensa ce mai auna gudun shaf, sau tari ita ko wayarta ce kawai. P0741 kulochin cikin kwanbata ne. A karanta lambar kafin a goge ta.

Mu dawo kan baƙin mai. Shi ana auna shi injin a kashe, bayan minti biyar, ko da safe kafin a tayar. Jar fitilar nan mai kama da buta ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin harba shi take aunawa. In ta kama kana tafiya, sauka gefe ka kashe nan take. Geji ya nuna mai a cike amma fitilar tana ƙiftawa a gosulo? Galibi daskararren mai ne ya toshe rariyar da famfo ke zuƙa ta ciki, ko famfon ya gaji, ko sensar ce. Buɗe murfin da ake zuba mai ka haska. Ƙarfe mai kalar zuma alamar an kula da ita ne. Baƙin abu kamar kwalta kuwa, mai motar na baya ya sha tsallake juye. In ka ga man kamar shayi da madara, ruwa na raguwa a lagireto, gaskit ɗin saman injin ya ƙone.

Injin wannan Camry, 2AZ-FE, musamman na 2007 zuwa 2009, an san shi da shan mai saboda ringin fistin da ke toshewa. Kafin a ce a sauke injin, a yi gwaji. Cika man daidai alamar sama, rubuta lambar tafiya, sake dubawa bayan kilomita dubu. Ka lura, motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirgawa, kilomita 5,000 da ake juye a kai mil 3,100 ne, ba mil 5,000 ba. Shuɗin hayaƙi da safe kawai wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, robobin bawul ne. Wanda ke fita in ka taka totur da ƙarfi, ringi ne. Akwai kuma ɗan bawul ɗin PCV a saman murfin injin, mai fitar da tururin da ke taruwa a cikin injin, cire shi ka girgiza, in bai yi ƙaras-ƙaras ba ya toshe, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Abin da aka saba yi shi ne a ɗura mata 20W-50, wai ƙasarmu da zafi. A murfin wannan motar 5W-20 aka rubuta, na Corolla 2003 zuwa 2008 kuma 5W-30. Injin mai VVT-i irin wannan da matsin mai yake daidaita juyin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi da 'yar rariya. Mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, ka ji ƙara na 'yan daƙiƙu, kuma a wannan lokacin ne ƙarfe ke gogar ƙarfe. Haka cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, da ake yi wa mota da ta sauka: injin ba ya kai zafin da zai ƙone danshi da fetur ɗin da ke sauka cikin mai, man ya lalace da wuri. Wannan injin lita 4.3 yake ɗauka har da filta, saboda haka galan mai lita huɗu bai cika shi ba, mai lita biyar kuma kar a juye shi duka.

In giyar ta ƙi motsi gaba ɗaya a hanya, kar a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa. Famfon man giya injin ne yake juya shi, in injin a kashe yake tayoyi suna juya kayan ciki a bushe. A ɗaga tayoyin gaba, ko a ɗora ta kacokan a bayan motar ɗauka.