Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishina Daga Kwamitin Manoma da Masunta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma Kwamishina, Allah ya ja zamanin Hakimi, malam liman, dagatai da masu unguwanni, jama'a, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Ba sai mun tsaya lissafa ayyukanka ba, kowa ya san su, ga shi kuma rana ta yi. Tunda ka baro Dutse ka tako wannan kwari da ƙafarka, mun san kukanmu ya isa kunnen da zai ji. Kukan kuwa guda ne: ciyawar kacalla ta toshe mana kogi, a taimaka a yashe shi kafin ruwa ya sauka.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja ne, jikokin waɗanda suka tari Turawa a 1906 har Sarki Muhammadu ya yi shahada. Zamanin da muke ƙarƙashin Lardin Kano, garin nan ya aika ɗansa Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Ba ɗan sarauta ba ne, bai kuma yi zurfi a boko ba. Manomi ne mai kanta a tafin hannu. Da Hausa yake magana a zauren Lugard, maganar tasa kuma ba ta wuce kuɗin gyaɗa, rijiya da jinga. In majalisa ta tashi sai ya biyo jirgin Nguru ya sauka a Malam Madori, washegari a ga babbar rigarsa rataye a reshen tsamiya, shi kuwa yana duƙe da fartanya. Da soja suka rushe majalisa a Janairun 1966, gona ya dawo. Ko ɗaki ɗaya bai bari a Kaduna ba. Allah ya jiƙansa. Tun daga kansa, in za a faɗi gaskiya, sai kakar zaɓe ake tunawa da hanyar garin nan.

Yallaɓai, fadamar da bawan Allahn nan ya noma shinkafa a cikinta tana nan, amma yau ko kwalekwale ba ya ratsa ta. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya daina ƙafewa da rani. Ba ma hassada da masu noman rani a Kadawa, rabonsu ne. Sai dai ruwan da ke kwance shekara a zagaye shi ya raini kacalla, ita kuma ta tare yashi da laka. Da damina ruwa ya rasa hanya ya faɗo gidaje, kamar yadda muka gani a 2020 da 2022. Da kaka tsuntsayen jan-baki su kwana cikinta, gari na wayewa su sauka a kan shinkafa. Yaranmu sun bar makaranta suna kaɗa gwangwani a gona. Masunta kuma sun rataye koma.

Muna buƙatar taki a kan lokaci, da ƙarin aji biyu a firamare. Waɗannan za su iya jira. Yasar kogi ce ba ta jira. Mun yi gayya da lauje da adda har hannuwa suka fashe, bayan wata biyu ta tofo kamar ba a taɓa ta ba. Aikin inji ne, ranka ya daɗe, a turo mana inji, a ɗaga jingar gabas da gari.

Sarkin ruwa ya tanadi kwalekwale a mashaya. In ka sha fura, muna roƙon ka ba mu rabin awa mu kai ka bakin fadamar marigayi ka gani da idonka.