Takardar Magani a Aljihun Baba: Jawabin Shugaban Ƙungiya a Taron Wata na Garwa, Kamaru

Ma'aji, rufe littafin nan tukuna, za mu zo kansa. Daga asibiti nake, ko gida ban biya ba, ku yi mini uzuri idan maganata ta zo a hargitse.

Baba yana nan da rai, alhamdu lillahi. Ɓarin dama ne ya shanye, baki ya karkace, yana gane mutane amma magana ba ta fita. Da na ce masa yau taro ne sai ya riƙe mini hannu da hagunsa, hawaye na zuba. Ranar Talata bayan azahar ya faɗi a rumfarsa a babbar kasuwa, yara suka ɗauko shi a kan moto, wato babur, wani na tuƙi wani na tallabe da shi ta baya. Da muka tuɓe masa riga don a sa masa ƙarin ruwa, sai ga takarda a aljihu, an ninke ta gida huɗu, gumi ya cinye gefenta. Odonas ce, wato takardar magani. Tun kafin babbar salla likita ya rubuta masa maganin hawan jini. Ko ƙwaya ɗaya ba a saya ba. Ga ta nan a hannuna, na zo da ita ne don kowa ya gani da idonsa.

Wa zan gaya wa ko wane ne Baba? Tun Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, bai sauka daga mulki ba a 1982 yake garin nan. Rabin mutanen da ke zaune a kan tabarmin nan, a zaurensa na Hausare suka fara sauka. Ni kaina da na zo da 'yar jakata, wata uku ina cin tuwon gidansa, bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Wannan mutumin ne ya yi watanni yana yawo da takardar magani a aljihu, yana zuwa taro, yana gaishe mu, muna ce masa Baba ina gajiya, ba wanda ya sani.

Na tambayi Iya, matarsa, yadda aka yi. Ta ce ranar da ya je asibiti shi kaɗai ya je. Likitan yaro ne da aka turo daga kudu, ba Fulatanci ba Hausa, Baba kuma kun sani, Fulatancinsa ya fi na wasu Fulanin, amma Faransanci iyakarsa gaisuwa da lissafin kuɗi. Aka yi ta yi masa bayani yana gyaɗa kai, don dattijo ba zai ce wa sa'an jikansa bai gane ba. Ya je famasi, aka faɗa masa kuɗi, ya ce zai dawo. Kai ya ci gaba da ciwo, sai ya koma wajen mai tallan magani a kan keke, ana ba shi na ciwon jiki kullum yana haɗiya. Jama'a, hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za ka sha magani kwana uku ka warke. Sau da yawa ma ba ya nuna alama, sai awo. In awo ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko ya wuce, magani ne na kullum, har ƙarshen rayuwa. Su kuma ƙwayoyin ciwon jikin nan da ake sha kamar gyaɗa, suna ƙara jinin, suna cin ƙoda. Da an samu yaro ɗaya, ɗaya tak, ya raka shi ya fassara masa wannan, wataƙila da yanzu yana zaune can kusa da ƙofa inda ya saba. Allah ne ya ƙaddara, na sani, kada wani ya tashi ya yi mini wa'azi. Amma wanda ya ƙaddara ciwo shi ya saukar da magani.

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san yadda abin yake. Ka sayi karne, wato littafin asibiti, ka bi layin kes, wurin karɓar kuɗi, ka biya, sannan a duba ka. Safar hannu kai za ka saya, allura kai, ruwan da za a ƙara kai. Abinci daga gida, mai juya marar lafiya da wanke shi daga gida. In ba ka da mutum, ba ka da komai. Yanzu wasu za su ce ai gwamnati ta kawo tsarin lafiya na kowa da kowa, CSU, tun Afrilun 2023. Gaskiya ne, kuma ba za mu raina ba. Mai ciki ta biya sefa 6,000 a duba ta har ta haihu, matanmu da yawa sun ci moriyarsa. Yaro ƙasa da shekara 5 a duba shi kyauta, a ba shi maganin zazzaɓin sauro. Tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, magani kyauta. Wankin ƙoda da ake biyan 5,000 duk zama ya koma 15,000 a shekara. To ku sake bin jerin nan a hankali, ina maganin hawan jini? Ina na ciwon suga? Ina yanar ido, ina ciwon fitsari da ke damun dattawanmu maza suna jin kunyar faɗa? Abin da ya fi ba ni takaici, hawan jini da suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Wato sai ƙodar tsoho ta mutu sannan sauƙi zai same shi. Ba zagin kowa nake ba, tsofaffin 'yan ƙasa ma haka suke fama, mu kuwa baƙi ne. Amma ɗan ƙasa yana da dangi a kowace unguwa. Mu danginmu su ne mu.

Sannan ga maganar takardu. Kamaru ba ta cikin ECOWAS, kowa ya sani, amma sai mu riƙa yi kamar ba mu sani ba. Kart sejur ɗin Baba, wato takardar izinin zama, ta daɗe da ƙarewa, kuma Iya ta ce har da wannan ya sa yake gudun asibiti, yana tsoron a tambaye shi. Ni dai duk marasa lafiyar da na raka, kuɗi aka fara tambayata a kes. Inda tsoron yake da tushe shi ne hanya. Dattawanmu masunta na Lagdo da na wajen Pitowa, mutum zai gwammace ya kwanta da ciwo a ɗaki da ya hau mota ya haɗu da jandarma a shinge. Ofishin jakadancin Najeriya kuwa yana Yawunde, ƙananan suna Duwala da Buya. Ka ce wa ɗan shekara 75 ya hau mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, don takarda? Sakatare, cikin makon nan ka je ofishin lafiya na yanki, ka zo mana a rubuce da abin da ake nema a hannun baƙo kafin a yi masa rajistar CSU. Mun gaji da an ce, an ce.

Jiya a bakin asibiti wani ya ce mini, Shugaba, a kai shi gida mana. Yola ga ta nan, ta Gashiga da Demsa. Na yi shiru. Wane gida? Baba ya bar Katsina da ƙuruciya, sa'o'insa duk sun kwanta dama, gidan gadon an raba an sayar. Mun zo muna cewa baƙo raɓa ne, shekara biyu mu tara jari mu koma. Raɓar ta yi shekara arba'in. Ni ma wallahi in sanyin hunturu ya buso nakan ji ƙanshin ƙasarmu har ƙirjina ya yi nauyi, amma 'ya'yana a nan aka haife su, kabarin uwarsu a nan yake. Ɗansa da ke Kano ya turo abin da ya samu, Allah ya yi masa albarka, sai dai tun da naira ta faɗi a 2023, abin da aka turo in an canza shi zuwa sefa ba ya wuce maganin kwana biyu.

To, Ma'aji, yanzu buɗe littafin. A'a, kada ka karanta sunaye, yau na rufa asiri, wata mai zuwa ba zan rufa ba. Da muka je ɗaukar kuɗin gwajin Baba, abin da ke akwati bai kai ba, sai da na bi rumfa rumfa ina roƙo kamar almajiri. Sefa 1,000 ce a wata. Akwai mai bashin wata takwas a cikinmu, kuma na ga yadin da aka fitar na anko a bikin gidansa. Mu da muka gina makarantar Islamiyya da guminmu, ba mu roƙi kowa ba! Mu da ba a taɓa jin gawar Bahaushe ta kwana a garin nan don rashin likkafani ba! Nan ne ma abin yake ba ni mamaki. Da a ce Baba rasuwa ya yi ranar Talata, Allah ya ja da ransa, kafin la'asar an tara kuɗin likkafani, an kafa rumfa, an dafa shinkafar sadakar uku. Amma kuɗin takardar nan, wanda bai kai na buhun shinkafa ba, ya gagare mu. Ku dube ni, ni ma furfura ce a gemuna. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Samarinmu da suka yi lise, wato sakandare, masu Faransanci a baki kamar ruwa, ku ba Sakatare sunayenku da ranar da kowa yake da sarari, daga yau kada dattijo ya ƙara shiga ɗakin likita shi kaɗai. Kuma idan an fito, ka tsaya har a sayi maganin, ka zana masa a jikin kwalin, safe da dare. Hajiya, ɓangaren mata ku yi haka, don akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa a gaban namiji ba. A sayi na'urar awon jini guda ɗaya, 'yarmu da ke aikin jinya ta ce za ta koya wa mutum biyu, a riƙa auna dattawa duk Juma'a bayan an sauko. A kuma raba akwati, kuɗin jinya daban, na rasuwa daban.

Sauran rahoto a gurguje. Rufin makaranta an gyara, saura ƙofa. Rigimar rumfunan 'yan goro an sasanta a gaban Sarkin Hausawa. Wasiƙar 'yan'uwanmu na Marwa ta zo, za a karanta wata mai zuwa. Kujerun da aka ara, wanda ya san suna gidansa ya dawo da su.

Iya kwana huɗu ke nan tana kwance a kan siminti a gindin gado, ita ma ƙafafunta sun kumbura. Gobe da safe za a sake rubuta wata odonas, kuma likita ya ce da zarar an sallame shi sai an fara gashin ƙashi. Ma'aji, zagaya da hular nan, a fara daga kaina. Ina son maza biyu da za su kwana da shi yau, biyu gobe. Na ga hannu ɗaya can baya. Saura ɗaya.